An sauke hotuna, an jera kwamfutoci

A makon jiya na leƙa ɗakin karatu na wata jami'a da nake yawan zuwa, ba zan kama suna ba. Zauren da ke bakin ƙofa, inda aka saba baje kolin hotuna da zane-zanen ɗalibai, na tarar an mayar da shi wajen rubuta jarrabawa da kwamfuta. An gitta katako, an jera tebura, wayoyi ko'ina. Na tambayi wani ma'aikaci ina hotunan da ke bango, sai ya ja ni zuwa ƙarƙashin matakala ya nuna min kwalaye uku. Na buɗe na sama. Gilashi a fashe, danshin damina ya manne hotuna biyu da juna, gara kuma ta fara cin katakon da aka kewaye su da shi. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai oga ya ce laburare ba gidan kallo ba ne."

Wannan maganar na sha jin ta a bakin mutanen da ake kira masana, kuma duk lokacin da na ji ta sai raina ya ɓaci. A wurinsu ilimi shi ne abin da aka buga da baƙaƙe aka yi wa bango. Hoto kuwa kwalliya ce, irin wadda ake maƙalawa idan babban baƙo zai zo, a cire bayan ya tafi.

To, a cikin kwalin nan akwai hoton dalar gyaɗa ta Kano, 'yan dako na hawa da buhuna a ka. Na taɓa tsayawa a gabansa lokacin yana bango, wata ɗaliba ta tambayi ƙawarta, "Wai da gaske a Kano ne wannan?" Yarinyar ta karanta tarihin tattalin arziki, ta haddace sunan Alhassan Ɗantata don jarrabawa, amma ba ta taɓa ganin girman abin da ake magana a kai ba sai ranar. Dalar gyaɗa ta ɓace tun shekarun 1970. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. Ganuwar Kano kullum zaizayewa take yi, gidaje na cinye ta. Wanda aka haifa bayan haka, ina zai ga waɗannan idan ba a hoto ba? Mai bincike yana kafa hujja da hoto kamar yadda yake kafawa da wasiƙar sarki ko rahoton razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi a zamanin mulkin mallaka: irin tufafin, tsayin ginin, wanda ke tsaye da wanda ke durƙushe.

Masu cewa komai yana intanet, su je su nemo min hoton kasuwar garinsu na 1965 a can. Masu cewa babu wuri kuma, na ga faɗin ofisoshinsu.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ƙi kwaikwayon Turawa ido rufe, suka koma ga zanen gargajiya na ƙasarsu, kuma yau ba a ba da tarihin zanen zamani a Najeriya ba tare da an ambace su ba. A 2015 Fati Abubakar ta fara ɗaukar hotunan Maiduguri, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da bukukuwan aure, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hayaƙin bam. Irin waɗannan ɗaliban suna nan a jami'o'inmu yanzu haka, suna gama aikin shekarar ƙarshe su naɗe shi su tura ƙarƙashin gado, domin bango ɗaya da suke da shi an ba wa kwamfuta.

Za a ce ai akwai Gidan Makama a Kano, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Akwai su, Allah Ya ƙara musu albarka. Amma ɗalibin injiniya nawa ne zai biya kuɗin mota ya je can? Laburare kuwa dole ya ratsa ta, ko don neman fanka da wajen cajin waya. Nan ne kaɗai ɗan likitanci da ɗan shari'a za su yi kiciɓis da zane ba tare da sun yi niyya ba, kuma kyauta. Wanda ya rufe wannan zaure ya san darajar kuɗin da jarrabawa ke kawowa, wannan kam ba a raba shi da ita. Abin da ke cikin kwalin ne bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Gyaran ba wani tashin hankali ba ne. A ware bango ɗaya da ba mai taɓa shi, a haɗa kai da sashen zane da na tarihi su riƙa sauya abin da ke kai kowane zango, a bi tsofaffin masu hoto na cikin gari kafin magada su zubar da akwatunansu a bola. Kafin nan dai, don Allah, wani ya ɗauke kwalayen nan daga ƙasa, don ruwa bai ɗauke ba tukuna.