A Kumasi kuɗin haya ne ke mulkin gida

A Kano ko Katsina, idan magidanci ya zauna lissafin gidansa, da hatsi yake farawa. Kaka ta yi, ya sayi masara da gero da wake ya jibge a ɗaki, saura kuma sai cefane. Da yawa daga cikinmu da wannan lissafin muka sauka unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango na Kumasi, kuma shi yake kayar da mutane. A nan kuɗin haya ne ke karya magidanci, don haka shi ya kamata ya hau layin farko a littafi.

Dokar haya ta Ghana, wadda aka yi tun 1963, ta hana mai gidan haya karɓar abin da ya wuce na wata shida a gaba. Amma je ka nemi ɗaki da falo ka ji: na shekara biyu za a ce ka ajiye, in an tausaya maka na ɗaya, ga kuma ladan dillali. A gida shekara-shekara muka saba, kafin ka sakankance lokaci ya zagayo. Shekara biyu kuwa tana sa mantuwa. Mutum ya yi wata ashirin yana kwana kamar a gidan gado, sai a wata na ashirin da ɗaya ya fara zagayen neman rance.

Maganin lissafi ne. A ce ɗakinka sidi (kuɗin Ghana) 500 ne a wata, na shekara biyu ya kama 12,000. Kada ka tara 500, tara 600, domin da wuya a sabunta maka a tsohon farashi. Wanda ya ga Disamban 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san dalili. Mai samun kuɗin yau da gobe, ɗan kasuwa ko direba ko mahauci, susu, wato ajiyar kullum a hannun mai tara kuɗi, ya fi masa: sidi 20 kullum, katin ya cika layi 31, mai susu ya ɗauki na kwana ɗaya ladansa, ka karɓi 600 cif. Susu ba adashi ba ne, kuɗinka ne kaɗai ke dawo maka, ba ka jiran kwasar kowa. Inda ake tuntuɓe shi ne ranar karɓa. Kuɗin da ya kwana a MoMo, wato asusun kuɗi na wayar da kake sayen kati da ita, ba zai ga ƙarshen mako ba. Ko dai ka kai shi asusun da ba ka riƙe katinsa, ko ka daidaita da mai gidan ya riƙa karɓa duk wata uku yana rubuta maka rasit. Kada ka yarda da "ai mun zama ɗaya", rasit ɗin dai.

Sayen hatsin shekara kuma ba na Kumasi ba ne. Damina biyu ake yi, iska da laima, ɗaki ga ƙunci. Buhun masarar da zai kai watan azumi lafiya a Kano, a nan fumfuna da ƙwari za su riga ka. Sayayyar wata ta fi: shinkafa mai kilo 25, galan ɗin mai, masara da wake a auno da olonka, gwangwanin awo, a kasuwar Kejetia, a shanya su bushe sosai, a ɗura a jarka mai murfi a ɗora kan katako. Tumatir da albasa su ne masu rawar farashi, tunda da yawansu daga Burkina Faso da Nijar ake kawo su. Shi ya sa nake ganin a ba uwargida kuɗin cefane na mako gaba ɗaya. Na kullum-kullum yana tilasta mata sayen ƙananan kashi, kuma a nan ne tsada take ɓuya. A lissafa har da koko da ƙosai na safe da waken yara na makaranta, domin a zango cin abincin waje ba almubazzaranci ba ne, wani lokacin ma ya fi hura gawayi araha.

Wutar ECG, kamfanin lantarki, ta kati ce. A gidan haya mai mita ɗaya, ku rubuta rabon kowane ɗaki gwargwadon firji da dutsen guga da fanka, in ba haka ba rigima ce duk wata. Katin NHIS, wato inshorar lafiya, na kowa a gidan a sabunta shi kafin ya mutu, ta waya ma ana yi da *929#. Sakandaren gwamnati kyauta ce tun 2017, amma akwati da katifa da guzurin ɗan kwana daga aljihunka za su fito, ka ware musu tun da wuri.

Sai yayi, wato ankon nan, da gudummawar aure da suna. Ba na cewa a daina, zumunci shi ke riƙe da baƙo. A yanka masa adadi a wata, in ya ƙare a je da ƙafa da addu'a. Haka kuɗin da ake aikawa gida: ka yi wa Hajiya da Baba alkawari da sidi, kada ka yi da naira. In ka ce naira kaza duk wata, duk ranar da canji ya juya, daga kuɗin haya za ka cike giɓin.