David Rumelhart, masanin da ake yi wa ƙwauron yabo

Tun da aka ba masanin kwamfuta Geoffrey Hinton lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks a 2024, tare da John Hopfield, duk inda aka tayar da zancen ƙirƙirarriyar basira sunansa ake fara kira. Ya cancanta, ban ja ba. Sai dai akwai mutumin da ba a cika ambato ba, David Rumelhart, kuma abin yana ci mini rai.

Rumelhart ba injiniyan kwamfuta ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam ne, a ɓangaren da ke binciken yadda ƙwaƙwalwa ke gane abu, ta riƙe shi, ta koyi harshe. An haife shi a 1942 a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, ya yi digirin digirgir a Stanford a 1967, sannan ya shafe shekara 20 yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego.

Tambayoyinsa irin waɗanda wani zai raina ne. Me ya sa mutum ya fi saurin gane harafi idan yana cikin kalma fiye da idan yana tsaye shi kaɗai? A 1981, shi da James McClelland suka gina manhajar da ke kwaikwayon haka: ƙananan ƙwayoyi masu yawa, an haɗa su kamar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wata na zuga wata, wata na danne wata, har amsa ta fito. Daga nan suka koma kan yara masu koyon Turanci. Yaro kan fara faɗin "went" (ya tafi) daidai, can sai ya koma cewa "goed", wato ya liƙa wa "go" ɗafin "-ed" kamar yawancin kalmomin aikatau na Turanci, daga baya ya gyara. Masana da yawa sun ɗauka hakan na nuna akwai dokar nahawu a zaune cikin kan yaron. Su kuwa suka ce a tsaya tukuna, suka ciyar da manhajarsu da misalai zalla, ba doka ko ɗaya, sai ga ta tana tafka irin kuskuren yaran.

A nan ne aikinsa ya tsallaka zuwa kwamfuta. Tun 1969, bayan littafin Marvin Minsky da Seymour Papert ya fito da gazawar irin waɗannan manhajoji masu hawa ɗaya, wato waɗanda ba su da wani jerin ƙwayoyi a tsakanin mashigar bayani da mafitar amsa, jama'a da dama sun juya musu baya. Matsalar masu hawa da yawa kuma ita ce, idan amsa ta fito ba daidai ba, wace ƙwaya a tsakiya za a ɗora wa laifi? A 1986 Rumelhart da Hinton da Ronald Williams suka buga maƙala a mujallar Nature kan hanyar mayar da kuskure baya: a auna tazarar da ke tsakanin amsar na'ura da amsar gaskiya, a bi sawunta hawa-hawa, kowace mahaɗa a ɗan gyara ta gwargwadon laifinta, a yi ta maimaitawa. Sunan Rumelhart ne na farko a maƙalar, kuma Hinton da bakinsa ya ce asalin dabarar daga wurinsa ta fito. Da wannan hanya ake horar da ChatGPT da ire-irensa har yau.

Wani zai ce ai an riga shi. Haka ne, Seppo Linnainmaa a 1970 da Paul Werbos a 1974 sun kai ga lissafin. Amma lissafin ya daɗe a kwance ba mai waiwayarsa. Wanda ya tashe shi mutum ne da ke neman sanin yadda ɗan Adam ke koyo, shi ya sa ya lura da abin da ya fi lissafin muhimmanci, wato na'urar tana ƙirƙiro wa kanta hanyar fahimtar abin da ake nuna mata.

Bai ga amfanin gonar da ya noma ba. Cutar da ke cin ƙwaƙwalwa ta raba shi da aiki a 1998, ya rasu a 2011, shekara ɗaya kafin ɗaliban Hinton a Toronto su yi amfani da wannan hanya su lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da gagarumin rinjaye, duniya ta farga. Nobel kuwa ba a ba mamaci. Wani tsohon ɗalibinsa, Robert Glushko, ya kafa lambar yabo da sunansa ta dala 100,000, ana bayarwa tun 2001, amma wa ya san ta in ba masu fannin ba?

Ba ina cewa komai ya faɗa daidai ba ne. A 1988 Steven Pinker da Alan Prince sun yi wa manhajar nan ta koyon Turanci kaca-kaca, suka nuna cewa yadda aka jera mata misalai ne ya taimaka wajen haifar da kuskuren, kuma a ganina suna da hujja. Har yanzu ba a tabbatar ƙwaƙwalwa tana mayar da kuskure baya kamar na'ura ba. Yaro ɗan shekara uku ya iya harshen uwarsa da ɗan abin da ya ji a gida, na'ura kuwa sai an ɗura mata kusan duk rubutun intanet. Masu son cike wannan giɓi, ciki har da matasanmu da ke rububin koyon haɗa manhaja, dole su koma ɗakin gwajin masana halayyar ɗan Adam su ga yadda yaron yake yi.