Jaririnku Yana Jiran Ku Amsa Masa

'Yan'uwana matasa, maza da mata, waɗanda Allah ya azurta da haihuwa kwanan nan da waɗanda ke dakon ta, akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin tsararrakinmu wadda take damuna ƙwarai. Maganar ita ce wai jariri sabon haihuwa bai san komai ba, saboda haka nono da wanka da barci sun ishe shi, wasa da hira kuwa sai ya yi wayo. Masu faɗin haka ba su rasa ƙaunar 'ya'yansu ba, da yawansu ma kwana suke yi ido biyu idan jikin yaron ya ɗan yi zafi. Amma sun yi kuskure mai tsada, domin wayon da suke jira ya zo kafin su fara yi wa yaro magana, a cikin maganar nan da suke jinkirtawa yake tsirowa.

Jariri ba ya zuwa duniya hannu rabbana. Tun yana ciki, a watannin ƙarshe, kunnensa yana aiki, kuma muryar da ta fi kowace isa gare shi ita ce ta uwarsa. A shekarar 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, sun nuna cewa jariran da ba su wuce kwana uku da haihuwa ba suna sauya yadda suke tsotso domin a kunna musu muryar uwarsu maimakon ta wata macen. Idonsa kuwa bai gama nuna ba, abin da ke nesa dishi-dishi yake ganinsa, amma yana gani sosai a tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daidai tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta uwarsa idan tana shayar da shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin ɗan ganin da aka ba shi a farkon rayuwarsa an auna shi ne daidai da fuskar wanda ya rungume shi. A cikin duk abubuwan da za a gitta masa, fuskar mutum ya fi ƙura wa ido.

Ƙwaƙwalwarsa a ranar haihuwa kusan rubu'in ta babban mutum ce, kuma kafin ya cika shekara ɗaya takan ninka girmanta. Masanan cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko sababbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya ne ke ƙulluwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin kowace daƙiƙa. Mahaɗin da ake yawan amfani da shi yana ƙarfi ya zauna, wanda aka bari kuwa yana shuɗewa, kamar yadda hanyar ƙafa take fitowa inda ake yawan bi, ciyawa kuma ta rufe inda aka daina bi. Abin da ke bin waɗannan hanyoyi a kwanakin farko shi ne muryarku, da fuskarku, da ɗumin hannuwanku.

To, wane irin wasa ne za a yi da wanda ko kansa bai iya riƙewa ba? A nan ne nake so mu daɗe, domin yawancinmu idan aka ce wasa sai tunaninmu ya tafi ga kayan da ake saye. Wasan jariri amsawa ne. Shi yake farawa, ko da kuwa da ɗan motsin baki ne, ko buɗe ido, ko wani ɗan sauti da ba shi da ma'ana a kunnenmu, kai kuma aikinka ka lura, ka amsa, sannan ka dakata ka ba shi fili. Ku dubi uwar da ke canza wa ɗanta ɗan mako uku ƙunzugu. Ta kwantar da shi, ta sunkuyo har fuskarta ta shiga inda idonsa ke kaiwa, tana cewa, "Sannu, ruwan ya yi maka sanyi ko? Yanzu zan gama." Yaron ya tsaya da mutsu-mutsun ƙafa, ya zuba mata ido, ya ɗan buɗe baki. Ita ma ta buɗe nata, ta ɗaga gira, ta ce, "To, ina jin ka, gaya mini." Sai ta yi shiru tana jira. Bayan ɗan lokaci ya fitar da wani ɗan sauti daga maƙogwaro, ta maimaita masa shi, ya harba ƙafa. Duk abin bai kai minti biyu ba, kuma ba ta ajiye aikinta ba, amma a cikinsa yaron ya ji sautukan harshensa, ya fara gane cewa magana ba-ni-in-ba-ka ce, kuma ya ɗanɗani abin da ya fi waɗannan girma, wato cewa idan ya motsa akwai wanda zai kula.

Shirun nan da ta yi shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa. Jariri yana da nawar amsawa, kuma idan muka cika shi da surutu ba tare da numfasawa ba, mun mayar da hirar ta mutum ɗaya. Haka kuma kada kunya ta hana ku yi masa magana da muryar nan mai tashi da sauka, mai jan wasula, wadda take fito wa mutum da kanta idan ya ɗauki jariri. An same ta a harsuna masu yawa na duniya, kuma jarirai sun fi sauraron ta fiye da muryar da manya ke yi wa juna magana da ita. Ku gaya masa abin da kuke yi, ku kira sunayen gaɓoɓinsa yayin da kuke shafa masa mai, ku rera masa abin da bakinku ya iya. Bai fahimci kalmomin ba tukuna, amma kunnensa yana tattara su. Wajen mako shida zuwa takwas zai biya ku da murmushin farko wanda domin ku ya yi shi, daga nan kuma gwaranci ya biyo baya.

Abin da ya fi kowane shiga tsakaninmu da wannan hira a zamaninmu shi ne wayar hannu, kuma ba zan ware kaina ba. Wata rana ina riƙe da 'yata, tana da kamar wata biyu, hannuna ɗaya na tallafe da ita, ɗayan yana kan waya ina karanta saƙonnin da ko ɗaya ba na gaggawa ba ne. Na ji tana ɗan gurnani ban kula ba. Da na sauke ido daga baya sai na tarar ashe fuskata take kallo tun ɗazu, bakinta a buɗe, tana jira, kuma kafin in ce mata komai ta kawar da kai ta koma kallon bango. Har yau abin yana sosa mini zuciya. Daga baya na karanta gwajin da masanin halayyar yara Edward Tronick da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1970, inda ake sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sannan ta daskare fuskarta na ɗan lokaci kaɗan, babu murmushi babu magana. Jaririn yakan fara da ƙoƙarin jawo hankalinta, ya yi murmushi, ya yi sauti, ya miƙa hannu, idan ya ga babu amsa sai ya rikice, ya kawar da kai, sau da yawa ya fashe da kuka. Fuskar mutumin da ya nutse a cikin waya, idan daga ƙasa jariri yake kallon ta, kusan haka take. Abin kwantar da hankali a cikin gwajin shi ne, da zarar uwar ta dawo da fara'arta yaron yakan huce su ci gaba, saboda haka ba a neman ku zama masu amsawa a kowace daƙiƙa, wannan babu mai iyawa. Abin tsoro shi ne rashin amsa ya zama shi ne abin da yaro ya saba da shi.

Duniya ta ga iyakar wannan a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 aka gano gidajen marayu cike da yara waɗanda suke kwance a gadaje jere, ma'aikaci ɗaya yana kula da yara da yawa, babu mai lokacin ɗaukar su ko yi musu magana. Binciken da aka soma a Bukarest a shekarar 2000 ya bi diddigin yara 136 daga irin waɗannan gidaje, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda suka samu iyali sun fi waɗanda aka bari ci gaba ta fuskar basira da harshe da shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu su ne suka fi farfaɗowa. Ban kawo wannan don in kwatanta gidajenku da waɗancan ba, Allah ya kiyaye. Na kawo shi ne domin ya nuna cewa kulawar fuska da fuska tana cikin abubuwan da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da su, kuma lokacinta yana da iyaka.

Wasu kuma suna ganin sun yi dabara idan suka jingina waya ko talabijin a gaban jariri aka kunna masa waƙoƙin yara, wai yana koyo. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada wannan da jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kawai ake yi a gidajensu. Waɗanda wani mutum ya zauna da su sau 12 yana yi musu wasa da harshen Sinanci sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda kuwa aka nuna musu irin wannan wasan a bidiyo ba su koyi komai ba. Allo ba ya ganin yaro ya buɗe baki balle ya dakata ya jira shi. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara ɗaya ba a gaban allo sam.

Jiki ma yana da nasa rabon. Waɗannan ƙa'idojin sun ba da shawarar a riƙa kwantar da jariri rub da ciki idan idonsa biyu, aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe, domin ta haka tsokar wuya da kafaɗa da baya take ƙarfi, ƙeyarsa kuma ba ta baje saboda yawan kwanciya a wuri ɗaya ba. A makonnin farko minti ɗaya ko biyu sun isa a kowane karo, kuma mafi sauƙin farawa shi ne ka kishingiɗa ka ɗora shi a ƙirjinka, domin son ganin fuskarka ne zai sa ya yunƙura ya ɗaga kai. Sharaɗin shi ne idonka yana kansa, kuma da zarar barci ya ɗauke shi a mayar da shi rigingine, domin kwanciyar rigingine ce ta fi aminci ga jariri mai barci. Ku sa masa yatsa a tafin hannu ya damƙe, ku motsa masa ƙafafu a hankali, ku ɗora shi a jikinku fata da fata. Wannan na ƙarshen har magani ne: a 1978 likita Edgar Rey ya fara amfani da shi a Bogota ta ƙasar Kolambiya domin ceton bakwaini lokacin da kwalaben renon jarirai suka yi ƙaranci, kuma yau asibitoci a faɗin duniya suna bin hanyar saboda tana daidaita ɗumin jikin yaro da numfashinsa.

Sai dai wasa yana da ƙa'ida, kuma jaririn ne yake yanke ta. Wanda bai kai wata uku ba yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a cikin dare da rana, lokacin da yake a farke cikin natsuwa kaɗan ne. Idan ya kawar da kai, ko ya fara hamma, ko ya gantsare, ko ya ɓata fuska, yana gaya muku ne ya gaji, kuma ƙyale shi ya huta shi ma amsawa ne. Kada a cilla shi sama, kuma ina roƙon ku da babbar murya, kada a taɓa jijjiga jariri da ƙarfi, ko da wasa ko cikin fushi, domin kansa yana da nauyi, wuyansa ba shi da ƙarfi, kuma jijjigar 'yan daƙiƙoƙi tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko makanta, ko mutuwa. Kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen mako shida zuwa takwas kafin ya fara raguwa. Idan ya kai ku maƙura, ku kwantar da shi a wuri amintacce, ku fita ku numfasa, ko ku miƙa shi ga wani. Amma kada ku saurari masu cewa yawan ɗaukar jariri idan yana kuka zai sangarta shi. Ɗan wata ɗaya bai san makirci ba, kuka ne kaɗai harshen da yake da shi, kuma natsuwar da yake samu a hannunku ita ce daga baya yake koyon samar wa kansa.

Ku kuma 'yan'uwana maza, kada mu tsaya daga bakin ƙofa muna jiran yaro ya fara tafiya kafin mu san da shi. Jariri yana sabawa da muryar ubansa da ƙamshinsa kamar yadda yake sabawa da na duk mai yawan ɗaukar sa, kuma kowane minti da ka karɓe shi hutu ne ga matar da ba ta samu barcin kirki ba tun ranar da ta haihu. Ka kuma sa mata ido. Idan makonni suka wuce tana cikin ƙunci, tana yawan kuka, ba ta jin daɗin komai, ko ta ce ba ta jin yaron a ranta, kada ka zarge ta kuma kada ka ce shagwaɓa ce. Wannan yana iya zama ciwon damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani, kuma raka ta wurin likita taimako ne gare ta da jaririn baki ɗaya.

Mai yawan hira da jaririnsa shi ne kuma yake fara lura idan wani abu bai daidaita ba. Yara sun bambanta, wani yana riga wani, bakwaini kuma ana yi masa lissafi ne daga lokacin da ya kamata a haife shi. Amma idan jariri ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata uku ba ya bin fuskarku da ido kuma bai fara murmushi ba, ko jikinsa ya cika saki ko sandarewa, ku kai shi a duba shi ba tare da jiran ranar rigakafi ta gaba ba. Matsalar ji musamman, idan aka gano ta a watannin farko, ana iya taimaka wa yaro tun kafin ta taɓa maganarsa.