Ƙarfen taga ya hana ɓarawo, to in gobara ce fa?

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra in ka ce "tsaro", abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ɗan sanda da bindiga, ko maigadi, ko ƙaton kwaɗo a ƙofa. Da maganar 'yan ta'adda ta yi ƙamari a Burkina Faso, gwamnatin Ghana ta fito da kamfen a 2022 cewa in ka ga abin da ba ka yarda da shi ba ka kira 999, kuma ban ce ba daidai ba ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai shafa wa naka ruwa za ka yi. Amma da safe in mun haɗu "kun kwana lafiya?" muke cewa, kuma lafiyar nan ta fi tsaro faɗi.

Tsaro na wanda ya nufe ka da sharri ne. Ruwa da wuta kuwa ba su da niyya, ba sa kallon kwaɗo. Ran 3 ga Yuni 2015 mutane suka fake wa ruwan sama a gidan mai a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah da ke Accra, ambaliya ta kwaso fetur, wuta ta tashi a kan ruwa, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Babu ɓarawo a wurin, babu ɗan ta'adda, sai kogin Odaw da gotoci da muka cika da shara da ledar ruwa. Kasuwar gwanjo ta Kantamanto ma a Janairun 2025 wuta ce ta cinye jarin mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗakunanmu na zongo. Ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, mun sa mai walda ya liƙe taga da ƙarfe ruf saboda ɓarayi, ga tukunyar gas a bakin ƙofa, ga wayar lantarki an jona ta nan an jona ta can, yara biyar na barci a ciki, lungun kuma ko motar kashe gobara ba ta shiga. Wallahi duk sanda na gani sai gabana ya faɗi, don ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana yaran fita.

Ba na cewa a cire ƙarfe, sata gaskiya ce. Amma maigida ya sa a yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa ta ciki, a rataye makullin inda yaro zai kai. Liman da sarkin zongo su riƙa faɗin wannan ran Juma'a kamar yadda suke jan kunne kan baƙin fuska, asambuliman kuma, wato kansilan unguwa, ya tara matasa a yashe gota tun watan Afrilu kafin ruwan Yuni ya sauko.