Masu karatu na neman ƙwace alƙalami daga hannun marubuta

Duk mai bin labaran mayaƙa da aljanu da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad ya san abin da ke biyo baya ranar da marubuci ya kashe jarumi. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika masa waya: masu rantsuwar sun daina karantawa, masu neman a mayar musu da kuɗinsu, da masu roƙon a dubi Allah a dawo da shi. Matasanmu na Katsina da Daura na sahun gaba a wannan rigima. Abin takaicin shi ne sau da yawa marubucin yakan miƙa wuya. Bayan shafi biyu sai ka ji ashe mutumin da aka sare wa kai suma ya yi, ko wani tsohon aljani ya ɗauke shi.

Masu cewa irin wannan labari ƙarya ne tsagwaronta ba za su ɗauke mu lokaci ba. Da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi aka raine mu. Kuma Ruwan Bagaja, wanda ya yi fice a gasar rubutu ta 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta shi, da aljanunsa da komai. Masu tsoron kada a ƙawata wa yara bokanci kuwa suna da hujja, ya kamata marubuci ya saurare su.

Ƙorafin da na fi ganin ƙimarsa shi ne na wanda ya kama marubuci yana karya dokar da shi da kansa ya kafa. Labarin al'ajabi ma yana da ƙa'ida. Ɗauki na Bayajidda: macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, shi kuma baƙon sai da ya bi ta Gaya maƙera suka ƙera masa makami kafin ya tunkare ta. An san iyakar ƙarfin kowa, shi ya sa kisan ya zama abin faɗa har yau. Idan an gaya mana a shafi na goma cewa takobin jaruma ba ya ci da dare, sannan a shafi na sittin ta karkashe runduna da tsakar dare ba wani bayani, to mai karatu yana da gaskiya in ya ɗaga murya.

Amma tilasta a tayar da matacce shi ne babbar karya doka, kuma masu karatu ne ke jawo ta. Imam ya kammala littafinsa ne kafin ya miƙa, ba wanda ya tsaya masa a ka a tsakiyar aiki. Marubuciyar yau tana bugawa da babban yatsa da daddare, cajin waya na ƙarewa, ga waɗanda suka tura kuɗi suna jiran shafin gobe. Da wuya ta iya ce musu a'a, domin wasu marubutan da wannan kuɗin suke sayen data, har da cefane.

Shawarata ga marubuta ita ce su tsara ƙarshen labari, su rubuta wanda zai mutu da wanda zai rayu, tun kafin su saki shafin farko ko su karɓi sisin kowa. In hayaniya ta taso, sai su duba takardar su ci gaba da bugu.