Kumburin ƙafa ba kullum daga ƙoda yake ba

Da zarar ƙafar mutum ta kumbura, sai a ce ƙoda ce, ko kuma rashin cin nama da wake. Maganar tana da tushe, domin duka biyun suna kawo kumburi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake mantawa da hanji.

A cikin jini akwai furotin da ake kira albumin. Hanta ke yin sa, kuma shi ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini. Idan ƙaramin hanji ya daɗe da ciwo, kamar cutar Crohn (mai sa hanji kumburi da gyambo) ko tibin hanji, sai furotin ya riƙa tsiyaya ta bangon hanjin. Hanta ta kasa cike giɓin, ruwa ya taru a ƙafa da ciki.

Ɗauki wanda ya yi wata da watanni yana gudawa. Kullum yana cin ƙwai, amma takalmi ya daina shigarsa, in ka danna ƙaurinsa yatsa ya bar rami. Fitsari babu furotin, alamar ba ta ƙoda yake tsiyaya ba, hanta kuma lafiya lau. A nan likita kan nemi gwajin alfa-1 antitirifsin a bayan gida, wato wani furotin na jini da yawansa a can ke nuna furotin na tsiyaya ta hanji. Ƙarin abinci yana taimakawa, amma sai an magance ciwon hanjin kumburin ke sauka.