Ba Don Baƙi Ne Su Aka Hukunta Assuriya da Babila Ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa annabawan Littafi Mai Tsarki sun yi wa manyan dauloli shelar hallaka ne kawai saboda ba Isra'ilawa ba ne. Ba haka abin yake ba. A Ishaya sura 10, Allah da kansa ya kira Assuriya sandar fushinsa, wato shi ya aike ta ta hori jama'arsa. Laifinta shi ne da ta ci nasara, sai sarkinta ya bugi ƙirji ya ce ƙarfin hannunsa da hikimarsa ne suka yi aikin. Nan annabin ya jefa tambayar da ni kam nake ganin ita ce zuciyar maganar: gatari zai yi wa mai sara da shi fahariya? Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, a hannun Babiloniyawa da Mediyawa.

Babila ma haka. A littafin Irmiya har bawan Allah aka kira Nebukadnezzar, sarkin Babila, amma a sura guda ɗin aka yanke wa daularsa wa'adin shekara 70. Sairus na Farisa ya karɓe birnin Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu.